Yadda Tsohuwar Armeniya Ta Zana Inna

Inna ba ta yarda da hoto ba. Ba wa'azi take yi a kai ba, ita dai da an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ku yi ta fama, ni ba a kama ni." Duk hotunan bikin yayana, ita gefen mayafinta ake gani, ko tafin hannunta da lalle. Guda ɗaya ya rage mana, na katin zaɓe, shi kuwa ya koɗe har ko ni aka ce ce sai a yarda. Don haka da ta rasu ina Manchester ina karatu, ba ni da abin da zan kalla.

Yaya ne ya kira ni. Ya ce 'yar rashin lafiya ce ta kwanaki, Allah ya karɓi abarsa, kuma har an kai ta. Ban ma kai ga duba kuɗin jirgi ba an gama komai. Na yi kukana ni kaɗai a ɗakin haya, na yi mata addu'a, na koma makaranta, don mai ba da tallafin karatu bai san zaman makoki ba.

Abin da ban shirya masa ba ya zo daga baya. Wata rana ina cikin bas a Oxford Road, a matse tsakanin ɗalibai da laimominsu a jiƙe, na rufe ido don in ga Inna, sai na ga ɗankwalinta, na ga goshinta, na ga 'yan kunnenta na azurfa, amma tsakiyar babu kowa. Na buɗe ido na sake rufewa. Haka dai. Uwar da ta haife ni, wadda na yi shekara ashirin da wani abu ina kallo, ta fara ɓace mini, kuma kullum abin ƙaruwa yake yi. Na tsorata ƙwarai, na kuma rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya ce in yawaita istigfari ba.

Ɗakin da nake haya yana saman gidan wata tsohuwa 'yar Armeniya, a wani layi na jajayen gidaje bayan asibitoci. Iya nake ce mata. Da na gaya mata ma'anarsa ta ce ya yi mata, gara shi da sunan da likitoci ke murɗewa. 'Yar ƙarama ce, kanta fari fat, yatsunta kullum baƙi da gawayi, ga faɗa kamar ta ari baki. In na bar tukunya a wurin wanke-wanke sai na ji tarihin kakannina. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, muna taɓawa, amma ba ma kwana da abin.

Mai zane ce, tun tana budurwa. A Halab ta ƙasar Siriya aka haife ta, inda kakanninta suka tsaya bayan kisan kiyashin da aka yi wa mutanensu. Aure ya kawo ta Manchester. Aikinta na farko ya ba ni dariya da na ji shi: zanen atamfa take yi wa wani kamfani, ana bugawa ana kai wa ƙasashenmu. Ta yi shekaru tana zana tsuntsaye da ganye da mabuɗai ga matan da ba ta taɓa gani ba. Ranar da na sauko da wata tsohuwar atamfata sai da ta juya ni gaba da baya tana tsaki, wai wanda ya zana wannan bai san inda ɗinki zai faɗo ba. Da aikin kamfani ya ja baya ta koma zana hotunan littattafan yara, kuraye masu huluna, sarakuna masu ƙaton ciki, 'yan mata a bakin rijiya. Littattafan suna jere a kan kanta a falo, wasu da turanci, wasu da rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi. Takan ce da su ta biya gidan, kuma ba ta ƙara buɗe ko ɗaya ba.

Akwai ɗaki a ƙasa, ta baya, wanda take aiki a ciki. Na daɗe ban shiga ba. Amma nakan ji abu daga sama, da rana tsaka, musamman ranar Lahadi in sun taso daga cocinsu. Baƙo zai zo, a rufe ƙofa, a yi shiru. Can sai in ji murya wadda ba ta wanda ya shiga ba. Akwai wani dattijo mai sanda da na buɗe wa ƙofa da hannuna, murya gare shi kamar ganga. Bai daɗe da shiga ba na ji wata tsohuwa tana magana a ɗakin, siririyar murya mai rawa, tana faɗa, tana kiran wani, har ta ɗan rera waƙa. Ba muryar Iya ba ce, na san ta Iya ko a barci. Na tsaya a kan bene da kwandon wanki a hannu, tsigar jikina ta tashi. Da dattijon ya fito shi kaɗai ya fito, idonsa jajur, ya sa hularsa ya tafi.

Na karanta Ayatul Kursiyyu a ranar fiye da yadda na saba. Har na fara duba wani ɗakin hayar a waya. Amma son sani ya fi ƙarfina, washegari na kai mata gahawa har ɗakin.

Bango huɗu, duk fuskoki. Maza da mata, yawanci tsofaffi, da gawayi a kan farar takarda, an manna su har kusa da rufi. Ba yawansu ne ya dame ni ba. Kowannensu bakinsa a ɗan buɗe yake, kamar na katse su suna cikin magana suna jira in fita su ci gaba.

Na ce, "Iya, su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "Waɗanda ba a ɗauka hoto ba."

Ta ce mutanensu da yawa sun taso ba su da hoton iyayensu ko kakanninsu, an baro komai a hanya, wasu kuma gobara da yaƙi sun cinye. Da tsufa ya zo musu sai su fara mantawa, su zo wurinta. Wani mai buga littattafai ya taɓa tara wasu daga ciki ya fitar, shi ne kaɗai littafinta da take ajiyewa kusa da gado.

Na ce to yaya take zana wanda ba ta taɓa gani ba, bayani ake yi mata?

Ta yi tsaki. "Bayani? Tambayi mutum kamannin uwarsa ki ji ƙarya. Kyakkyawa ce, doguwa ce, idonta manya. Kowa uwarsa haka take. Ni ba na tambaya. Cewa nake ya kwaikwayi maganarta. Ya kira kansa cin abinci yadda take kiransa, ya yi wa kansa faɗa da muryarta. In ya yi da gaske, fuskarsa tana barin wurin, tata ta zo ta zauna a kan ƙashinsa na ɗan lokaci. Ni kuma ina da sauri."

Na kalli bangon, na kalle ta. Ta ci gaba da fiƙe fensir da reza, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke ma kina yawo da fuskar wadda ta yi ɓatan wani abu. Na ga ki tun watan jiya."

Na san abin da aka faɗa game da zanen mai rai, ba yau na fara zuwa islamiyya ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Ban tambayi kowane malami ba, don na san amsar, kuma ba ita nake nema ba. Abin da ya yanke mini shawara shi ne wata safiya da na tashi na tarar goshin ma ya fara tafiya.

Na sauka wurin Iya, ta zaunar da ni a kujerar katako kusa da taga, inda hasken yake, irin hasken garin nan mai kama da ruwan wanki. Ta juya allonta yadda ba zan ga komai ba. Ta ce in cire tabarau, in ja ɗankwali baya kaɗan. Ta ce, "To, kira ta."

Da farko kunya ta hana ni. Ya za a yi mace da girmanta ta zauna gaban baƙuwa tana kwaikwayon uwarta? A gidanmu ko sunan Inna ba ma faɗa. Na yi 'yar dariya, na ce ban iya ba. Iya ta ce ita ba ta jin yarenmu, ko zaginta na yi ba za ta sani ba, in daina ɓata mata haske.

Sai na ɗauko abin da ya fi kusa, wato hirarmu ta waya. Inna 'yar ƙaramar waya gare ta mai madannai, ba ta bidiyo, kuma kusan kullum magana ɗaya ce. Na runtse ido na fara.

"'Yar nan, kin ci abinci? Me kika ci? Wannan ai ba abinci ba ne. Sanyin fa? Ki riƙa sa safa. Ki yi karatunki, kar ki damu da mu, lafiyarmu ƙalau."

Na maimaita, na sake maimaitawa. Ban san lokacin da abin ya daina zama kwaikwayo ba. Muryar ta sauka ƙasa, ta yi kauri, ta rage sauri, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya da nauyi. Na ji harshena ya cika mini baki. Ba na jin komai a ɗakin sai ƙarar gawayi a kan takarda, ƙar, ƙar, ƙar, da wannan murya da ke fita daga ƙirjina tana tambayata ko na ci abinci. Na ji tsoro, amma ban so ta tsaya ba.

Ƙarar gawayin ce ta tsaya. Na buɗe ido na ga Iya ta zuba mini ido, hannunta a sama.

Ta ce, "Haka take magana?"

Na ce haka take.

"Kullum?"

Na ce, "Iya, uwata ce ko taki?"

Ta koma kan allon.

Mun yi zama uku ko huɗu a haka. Duk ranar da muka gama sai in hau sama in kwanta kamar wadda ta yi dakan gero, muƙamuƙina na ciwo. Ranar ƙarshe ta fesa wa takardar wani abu don kar gawayin ya goge, ta jira ya bushe, sannan ta juyo da allon.

Inna ce. La ilaha illallahu, Inna ce. Goshin, da ƙashin kumatun, da yadda take ɗan sunkuyar da kai ta kalle ka ta ƙasan ido in ba ta yarda da maganarka ba. Duk abin da ya ɓace mini ya dawo lokaci guda. Amma bakin ba daidai yake ba. Gefen hagu ya zube ƙasa, leɓen ya saki, idon hagun ma fatarsa ta sauko ta rufe rabi.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Wannan kuma mene ne? Inna bakinta lafiya lau. Hannunki ne ya yi rawa."

Ta ce, "Hannuna bai taɓa rawa a kan takarda ba. Abin da kika ba ni na zana."

Na ce mata tsufa dai ba ƙarya ba ne, in ido ya gaji a yarda. Ta ce in ɗauki abina in fita mata daga ɗaki. Na naɗe takardar na fita, ko godiya ban yi ba.

A duk ƙasar nan mutum ɗaya ce ta san Inna: Hajiya, aminiyarta tun suna 'yan mata a unguwa ɗaya. Ta zo Birmingham wurin ɗanta, matarsa ta haihu, tana taya su reno. Tana can ƙasarmu lokacin rasuwar, ta kira ni ta yi mini gaisuwa, amma ba mu haɗu ba. Na ce bari in kai mata ta gani, ta faɗa da bakinta cewa bakin ba haka yake ba, in dawo in tusa wa tsohuwar nan a gaba. Da wannan niyyar na hau jirgin ƙasa ranar Asabar, takardar a cikin kwali mai tsawo a kan cinyata.

Gidan yana Lozells, cikin jerin gidajen nan da suke manne da juna, kusa da shagon mai nama. Tun daga ƙofa ƙanshin daddawa ya tare ni. Hajiya ta rungume ni tana kuka, tana cewa ga 'yar aminiyarta, ga marainiyar Allah. Aka kawo tuwo miyar kuka, jikokinta suna ta guje-guje a bene suna ihu da turancinsu na 'yan gari. Sai da muka yi la'asar, falon ya zama daga ni sai ita da jaririn a cinyarta, sannan na ce, "Hajiya, akwai abin da nake so ki duba mini."

Na warware takardar a kan kafet, na danne gefunan da kofuna.

Ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye. Sai na ga ta ɗauki jaririn ta kwantar da shi a kujera a hankali, kamar tana tsoron kar ya faɗi daga hannunta. Ta yi salati. Ta ce, "Wa ya ɗauke ta? Ai mun hana. Wa ya turo miki?"

Na ce, "Ba hoto ba ne, Hajiya, zane ne. Bakin nake so ki..."

"Yayanki ne ko? Ai sai da ta sa shi ya rantse."

Na ce, "Ya rantse a kan me?"

Ta ɗago ta kalle ni, na ga lokacin da ta gane ban san komai ba. Ta kai hannu ta toshe bakinta, amma magana ta riga ta fita.

Ba rashin lafiyar kwanaki ba ce. Tun kafin azumin shekarar Inna ta faɗi a tsakar gida tana shanya, hawan jini, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ta yi watanni a kwance, ana juya ta, ana ba ta kunu da cokali. Da bakinta ya ɗan buɗe, abin da ta fara faɗa shi ne kar wanda ya gaya wa yarinyar nan, za ta baro karatunta ta taho. Ta tara su ta sa suka yi alkawari ɗaya bayan ɗaya. In zan kira, Hajiya ce ke riƙe mata wayar a kunne. Kafin lokacin sai ta yi ta gwada kalmomin, tana maimaitawa, don su fita daidai. Shi ya sa kullum magana ɗaya ce. Su kaɗai ta iya fitarwa ba tare da an gane ba.

Hajiya ta ce, "In kun gama sai ta yi ta haki kamar ta yi gudu. Ta ce mini, ta gane? In ce ba ta gane ba. Sai ta yi dariya da rabin bakin."

Ni kuwa na ji canjin. Na ji shi sarai. Na ɗauka layin waya ne, ko goro ne a bakinta, har na taɓa yi mata tsiya cewa ta rage goro. Ta ce to.

Hajiya ta sake kallon takardar, ta ɗan ja da baya. Ta ce, "Ni na yi mata wanka. Haka take, har wannan idon. Ke da ba ki gan ta ba, ita matar da ba ta san ta ba, ta ina?" Ta ce in naɗe, ba ta so ya kwana a gidan da jariri yake. Ban ji haushinta ba, na naɗe na mayar cikin kwalin.

A tashar jirgi na kira Yaya. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, mutane suna wucewa suna kallona. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Umarninta ne. Ke da kin ƙi bi?" Na kashe wayar. Har yau ban ba shi amsa ba.

Da na dawo Manchester ban hau sama ba, ɗakin baya na nufa. Iya tana wanke burushi. Na ce mata ta yi haƙuri, hannunta bai yi rawa ba. Na gaya mata abin da na ji. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, ko da yake na ga maganar ta zo mata har leɓe. Ta goge hannu a jikin rigarta ta ce ta yi zargin haka tun zaman farko, mijinta ma da haka ya tafi.

Na ce, "Iya, ki gyara mini bakin. Ba wannan nake so in riƙe ba. Ina son ta lokacin da take lafiya."

Ta ce ba ta gyara zane, amma za ta yi sabo. Washegari da hantsi ta manna sabuwar takarda, ta zaunar da ni a kujerar, ta zana goshin da idanun daga na farko, ta buɗe na hagun. Sannan ta tsaya da gawayin a ƙasan hanci. Ta ce, "To. Bar wayar. Koma gida, kina yarinya. Ba ni muryarta ta da."

Na rufe ido. Na ga tsakar gidanmu, na ga murhu, na ga turmi a kife. Na san Inna mai murya ce, in ta ƙwala mini kira daga madafi har maƙwabta suna amsawa. Na san tana da wata dariya da take yi in ta ci mutum a gardama. Duk na san wannan kamar yadda na san sunana. Na buɗe baki in kira kaina.

"'Yar nan, kin ci abinci?"

A hankali ta fito, da kauri, harshen yana ja. Na ji gefen bakina na hagu ya sauka da kansa.

Na girgiza kai, na sha ruwa, na sake. Na gwada faɗanta, na gwada yadda take yi wa mai kayan miya ciniki, na gwada waƙar da take yi in tana tankaɗe. Kalmomin suna nan, amma duk wadda na ɗauko da wannan muryar take fita. Na yi ta yi har hasken tagar ya kau, fuskokin bangon suna kallona da bakinsu a buɗe. A ƙarshe kuka ya ƙwace mini, shi ma Iya ta bar ni na yi.

Ta ajiye gawayin a gefen allo. Ta ce ba za ta cire takardar ba, duk ranar da na samo muryar in sauko, ko tana cin abinci ne.

Na ƙara shekara biyu a gidan. Nakan gwada a banɗaki, nakan gwada a hanya in babu kowa kusa. Duk lokacin da na kai mata gahawa ina ganin takardar a inda take, goshi da idanu biyu lafiyayyu, daga hanci zuwa ƙasa fari. Har na gama karatu na kwashe kayana ban sauko da ita ba.